An Ce Kada In Waiwaya

Edita, a shekarun da aka daina kashe sule aka koma naira, ni yarinya ce 'yar Rawayya da ke aure a Bungudu, mai ɗa ɗaya, mai tsoron uwar miji kamar mutuwa. Yau na tsufa, bakina ya buɗe. Jikar ƙanwata ce ke rubuta mini wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Yarona ya fara magana da wuri. Yana kirana Inna, yana kiran akuya da kaza, yana tafi in ana daka. Bayan yaye da 'yan watanni sai komai ya fara zubewa. Kalmomin suka tafi ɗaya bayan ɗaya, a kira sunansa ba ya juyowa, ba ya kallon idon kowa, aikinsa jera tsakuwa a bakin ƙofa. Abinci kuwa sai busasshen ƙanzo, in an miƙa masa kunu ya ture. Yakan yi mako bai yi bayan gida ba, ya yi ta ihu yana danna cikinsa a kan turmin da aka kife. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, wanzami ya yi masa tsaga, duk a banza.

Sai uwar mijina ta yanke hukunci, wai ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne aka musanya mini. Wai in kai shi bakin gulbi in aje da ƙwaryar fura, in tafi kada in waiwaya, zai rikiɗa maciji ya koma wajen danginsa. Mijina ya sunkuyar da kai. Ga laifina, ba zan ɓoye ba: na yarda. Da hantsi na goya shi da kaina, uwar mijina tana gaba ina biye, na sauke shi a kan yashi na juya baya.

Ban yi nisa ba sai na ji ihun nan. Tsohuwa ta damƙe mini hannu, wai rikiɗar ce ta fara, in na duba zan makance. Na ce to in makance ɗin mana! Na waiwaya. Wallahi babu wani maciji. Ɗana ne ya sami dutse ya kifa cikinsa a kai, daidai yadda yake yi da turmi, ko kallon ruwan bai yi ba. Nan hankalina ya dawo jikina: yaron nan ciwon ciki yake, bakin faɗa ne ba shi da shi. Na fizge hannuna na sungume shi. Ta ce in na tafi da shi aurena ya mutu, na ce Allah ya ji ƙan auren.

Ko gida ban koma ba, na tari motar kaya sai Gusau. A asibiti wata ma'aikaciya ta taɓa cikin ta yi salati, ta ce kashi ne ya ƙanƙare. Suka wanke masa ciki, ta koya mini in riƙa jiƙa ƙanzon da miyar kuɓewa kaɗan-kaɗan, in dage da ba shi ruwa da gwanda. Na sha fama wata da watanni kafin ya karɓa. Ihun ya ragu, ya sami barci. Maganar dai ba ta dawo duka ba, ba zan yi ƙarya ba. Sai da na yi furfura na ji a rediyo ana kiran irin lalurarsa galahanga.

Har gobe takun da na yi a kan yashin nan yana ci mini rai, amma waiwayen ban taɓa nadamarsa ba, kuma ban ba kowa haƙuri ba. Iyaye mata, in yaro ya daina magana yana ihu, ku taɓa cikinsa, ku kai shi asibiti, kada ku saurari masu sa masa suna. Ni da ɗana muna zaune a Tsafe yanzu, yana tufka igiya, masu shanu na zuwa saye har gida. An ce zan makance, to tsufa ya dishe mini ido, kuma shi ke riƙe mini sanda.