Ladabin da Ya Kusa Hana Kakana Shan Magani

Wautar da na tafka a bara ita ce ladabi. Ni da duk Daudawa ta san bakina ba ya hutawa, sai ga ni durƙushe gaban kakana ina cewa, "Baba, an tashi lafiya?"

Da ba haka muke gaisawa ba. Kullum da safe in na leƙa zaurensa cewa nake, "Tsoho, har yanzu kana nan? Yaushe za ka tafi ka bar mani amaryata?" Amaryar kuwa kakata ce, mai haƙora uku. Shi kuma ya wawuro sanda ya ce, "Ja'iri, mai kai kamar goran nono, da mi za ka ciyar da ita?" Wasan jika da kaka ke nan, kuma mun ƙware.

Sai fitsari ya fara yi masa gardama. Babana ya kai shi babban asibiti, aka ce ciwon daji ne a wani ƙullutu da maza ke da shi a ƙarƙashin mafitsara. Aka sa shi a kan allura duk wata uku, mai rage sinadarin mazan da ciwon ke samun ƙarfi da shi. Aka haɗa masa da ƙwayoyi: manya kafin ya ci komai, ƙarama kuma da abinci.

Ranar da suka dawo, Inna, mahaifiyata, ta murɗe mani kunne har na ji kamar ya koma ƙeya. "Ka sake yi wa Baba maganar tafiya, sai na yanka ka." Shi ya sa washegari na durƙusa.

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Lafiya lau." Ko sandar bai taɓa ba.

Na ci gaba da ladabi, shi kuma ya ci gaba da yin shiru. Ya ba maƙwabci rediyonsa. Ya daina tambayar farashin masara a kasuwar Yankara, shi da ko a sallar idi sai ya tambaya. Wata safiya kakata ta miƙa masa ƙwayoyin, ya ture hannunta. Ya ce allurar ma ya gama da ita.

Babana ya yi lallashi, liman ya yi nasiha, duk a banza. Aka aike ni in kai masa ruwa. Lokacin sanyi ne, akuyoyi ma sun lafe a bakin murhu, amma na tarar da shi ya tuɓe riga yana fifita da hula, gumi na zuba kamar an kwara masa bokiti. Likita ya riga ya ce allurar tana kawo haka. Na dai cije leɓe na ce, "Sannu, Baba."

"Zauna," ya ce. "Faɗa mani gaskiya. Kwana nawa likitan ya ce ya rage mani?"

"Wane kwana?"

"Kar ka raina mani wayo. In ba an ce maku na gama ba, mi zai sa shaiɗani irinka ya durƙusa mani?"

Sai a lokacin na gane. Na ajiye kofin.

"Tsoho, Inna ce ta ce za ta yanka ni! Ni da za a bi ta tawa, ai da tuni an ɗaura mana aure. Dube ka, kana tsiyaya kamar randar da ta tsage. Wace mace za ta zauna da kai?"

Sandar ta same ni a ƙwauri. Wallahi ban taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba.

"Ke!" ya ƙwala wa kakata kira. "Kawo maganin nan. Wanga ɗan nema ba zai gaje ki ba ina raye."

Inna tana bakin ƙofa, ta rasa ko ta dake ni ko ta yi dariya, sai ta yi duka biyun.

Da babana ya mayar da shi asibiti, likita ya yi masa faɗa kan kwanakin da ya tsallake, aka yi masa allurarsa. Gwajin jinin da ya biyo baya ya nuna ciwon ya lafa sosai. An ce ba warkewa ba ce, riƙe shi ake yi, kuma zai ci gaba da shan magani. Yana saurin gajiya, bai ƙara ɗaukar garma ba. Amma damunar bana shi ya zauna a gindin ɗorawa yana nuna mana inda za mu shuka dawa.