Kwanon Ruwan Yaya Sahura

Yayata Sahura ba ta nan. Allah Ya karɓi abarsa bayan ƙaramar salla.

Kujerarta tana nan a bakin murhu. Babu mai hawa.

Akwai labarinta guda ɗaya da nake so ku ji.

Duk unguwarmu an san man gyaɗarta da ƙuli-ƙulinta. An kuma san kalmarta: "Kawo nan."

Kina tankaɗe ta ga bai yi mata ba, "Kawo nan." Kina hura wuta hayaƙi ya yi yawa, "Kawo nan." Ba mugunta ba ce. Ba ta iya tsayawa tana kallo ana ɓata abu.

Wata rana wata ƙungiya mai tallafa wa mata ta zo garinmu za ta buɗe shirin koyar da sana'ar man gyaɗa. Aka zaɓi tsofaffin hannu su zama jagorori, kowacce za a ba ta rukunin mata ta riƙe. Yaya Sahura ce farkon wadda aka kira.

Amma aka ce kafin a raba musu mata, sai su jagororin sun zauna bita tukuna.

Wannan ya ba ta haushi.

Ta ce, "Ni za a koya wa suyar gyaɗa?"

Duk da haka ta yafa mayafinta ta tafi.

A harabar makarantar firamare aka yi taron. Mai bitar wata malama ce baƙuwa, siririya, ba ta da yawan magana. Har yau ba mu riƙe sunanta ba, Malama kawai ake ce mata.

Ba ta hau allo ba. Ta sa aka hura wuta, aka ɗora kasko, aka zuba gyaɗa.

Sannan ta kira ɗaya daga cikin masu son koyo, wata matashiya mai suna Barira. Barira ta taɓa shiga koyon ɗinki ta fita, ta shiga saƙa ta fita. Da bakinta ta faɗa a gaban kowa cewa in wannan ma bai yiwu ba, ta haƙura da sana'a.

Malama ta cika kwanon sha da ruwa har baki, ta miƙa wa Yaya.

Ta ce, "Inna Sahura, riƙe da hannu biyu. Barira za ta soya, ke za ki jagorance ta. Sharaɗi ɗaya ne, kada ruwan nan ya zube."

Mata suka yi dariya. Yaya ma ta yi.

Barira ta kama ludayi tana juyawa a tsorace. Tana juya tsakiya, ta bar gefe.

Yaya ta ce, "Gefe."

Barira ta koma gefe, ta bar tsakiya.

Wuta ta yi yawa. Hancin Yaya ya riga idon kowa sanin abin da ke shirin faruwa. Ta ji yatsunta suna mata ƙaiƙayi a jikin kwano.

Ba ta ma san lokacin da ta saki ba.

"Kawo nan."

Kwano ya kife a ƙafarta, ludayi kuwa yana hannunta. Cikin ɗan lokaci ta ja itace, ta juye gyaɗar, ta tsira ba ko ɗaya da ta ƙone.

Hajiya Tabawa, abokiyar tsokanarta tun suna 'yan mata, ta ce, "Sahura, alwalar da ƙafa kike farawa yanzu?"

Aka sake dariya.

Barira ba ta yi ba. Ta koma gefe ta goge hannu a zane, tana neman takalminta da ido.

Yaya ta ce, "Malama, ai ƙonewa za ta yi."

Malama ta ce, "Haka ne. Inna, tun yaushe kike wannan sana'ar?"

"Tun ba a haife ki ba."

"A gidanki mutum nawa suka iya?"

Yaya ta shiga ƙirga mu a zuci.

Babu ko ɗaya.

'Ya'yanta mata a gindin kaskon nan suka tashi. Ni ƙanwarta a nan na girma. Duk mun iya ɗebo itace, mun iya wanke turmi, mun iya kai niƙa. Babu wadda ta san lokacin da gyaɗa take cewa a sauke ni.

Malama ta ɗauki kwanon, ta sake cika shi.

Yaya ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa hannu biyu.

Ta ce, "Barira, ajiye takalmin nan. Zo."

Aka zuba sabuwar gyaɗa.

Wannan karon Yaya ta danne kwanon a ƙirjinta kamar za a ƙwace mata.

Ta ce, "Me hancinki yake gaya miki?"

"Ƙamshi, Inna."

"Na ɗanya ko na soyayya?"

"Ban sani ba."

"To ɗauko ƙwaya ɗaya ki murza."

Barira ta murza. Ɓawon ya ƙi fita.

Ta ci gaba da juyawa. Ta sake murzawa. Ɓawon ya sulluɓe, cikin ya yi ja kaɗan.

Ta ɗago kai. "Ta yi, Inna?"

"Ni kike tambaya? Ba ki ga hannuna a cike yake ba?"

Barira ta yi jim. Jim ɗin ya yi tsawo. Yaya tana jin ƙauri yana tasowa daga gefe guda, ta cije leɓe, ruwa yana rawa a kwano.

Can Barira ta ce, "Saukewa zan yi."

Ta sauke.

Gefe ɗaya ya ƙone. Sauran ya yi.

Yaya ta ce, "Kin ji wannan ƙaurin? Riƙe shi a hancinki. Gobe kafin ya iso za ki sauke."

Da aka zo rabon rukuni, Yaya da kanta ta ce a sa mata Barira a nata.

Ba zan ce ta daina "Kawo nan" gaba ɗaya ba. Wani lokaci takan suɓuce mata. Amma duk ranar da matan rukuninta suka zo aiki, za ka gan ta a kan kujerarta da kwanon ruwa a hannu, bakinta yana aiki, hannunta yana hutawa. Sun ƙona gyaɗa. Sun cika ruwa a tunkuza, wato niƙaƙƙiyar gyaɗar, har mai ya ƙi fita. Ta haɗiye, ta bar su suka gyara.

Da ciwo ya kwantar da ita, aiki bai tsaya ba.

Ranar sadakar bakwai, Barira ta shigo gidanmu da matan rukunin, da buhun gyaɗa. Suka ce su za su yi ƙulin sadaka.

Aka hura wuta a murhun Yaya.

Barira ta kira Nafisa, autar marigayiya, ta ba ta ludayi.

Nafisa ta ce, "Anti Barira, ban iya ba."

Barira ta ce, "Na sani."

Ta je randa, ta cika kwanon sha har baki, ta dawo ta tsaya a bayanta. Ta riƙe da hannu biyu.

Darasi: In an ba ka mutane ka jagoranta, ba don ka nuna musu ka iya ba ne. Sun riga sun sani. Ka tsaya kusa, ka yi tambaya, ka jure ganin kuskure. Duk aikin da ka karɓe daga hannun mai koyo, ranar da ba ka nan babu mai yin sa.

In ka san wani mai "kawo nan" a wurin aiki ko a gida, tura masa wannan. In kai ne, ka nemi kwano.

Ku taya ni da amin: Allah Ya jiƙan Yaya Sahura, Ya haskaka kabarinta, Ya sa abin da ta bari a hannun matan nan ya riƙa isar mata da lada. Mu ma Ya sa mu bar wani abu a hannun wani kafin namu lokacin.