Uwar Kwalbar Inna

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni, saura kwana goma sha biyu watan azumi ya kama. Ina zaune a tsakar gidanmu na unguwar Bani Malik a Jidda, buhun tsamiya a gabana ina ɓarewa, sai na ji an turo ƙofa. Maigidana ne, Abu Hamza, cikin kayan aiki, a lokacin da ya kamata a ce yana can unguwar masana'antu a gaban injinsa. Ya yi sallama da wata murya da ban san shi da ita ba, ya nemi bango ya jingina, ya ce, "An bugo waya daga Madina. Inna ta cika bayan sallar asuba. Da azahar za a yi mata salla, ba za mu samu ba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe riƙe da ɓawon tsamiya a hannuna, na kasa ajiyewa.

Mahaifiyarsa ce, surukata, wadda muka zauna gida ɗaya da ita shekara goma sha tara. Ta tafi ziyara ne wurin 'yarta, Yaya Rakiya, da ke aure a Madina, ta ce mana za ta dawo kafin a ɗora tukunyar sharbar azumi. Jama'a sun san ta da Hajiya Mai Sharba. Ni ban taɓa faɗin sunanta ba tana raye, ba kuma zan fara yau ba. Sai dai zan faɗi gaskiyar abin da ya fara zuwa zuciyata a wannan hantsin, tun kafin hawaye: akwai maganar da nake ɓoye mata shekara uku, ga shi ta tafi ban faɗa ba.

A wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogin Nilu a Sudan aka haife ta, inda iyayenta suka yada zango a hanyar Hajji har zango ya zama gida. Ita ta ƙarasa tafiyar da su ba su ƙarasa ba. Ta tsallako teku daga Sawakin da mijinta da 'ya'ya biyu, mijin ya rasu ana gama aikin Hajji, ta zauna Jidda ba dangin uwa ba na uba. Abin da ke hannunta tukunya ce guda, sai kwalba ɗaya ta sharbar tsamiya da mahaifiyarta ta dafa mata ta guzuri. Ga wanda bai san sharba ba, tsamiya ce ake jiƙawa a tace, a dafa da sukari da citta da kanumfari da ɗan hel, ƙamshin nan da Larabawa ke sa wa gahawa, har ta yi kauri kamar zuma, a ɗura a kwalba a toshe da kaki. In an sha ruwa, sai a zuba kaɗan a ruwan sanyi a dama. Da wannan Inna ta raini marayunta, tun zamanin da ruwan sha ma sai an jira mai jaki, ƙanƙara kuwa a buhun dusar katako ake kawo ta.

Wanda duk ya sha sharbarta shekara da shekaru zai shaida abu guda: ba ta canjawa. Ta bara ita ce ta bana. Mutane sukan ɗanɗana ta wani gidan su ce, "Ba laifi, amma ba ta kai ta Hajiya ba," har ta zama da ita ake auna ta kowa a unguwa. Ba kowa ya san ita ma akwai abin da take auna tata da shi ba. A ƙarƙashin gadonta akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa akwai kwalba ɗaya ɗaure da jan ƙyalle a wuya. Ita take kira uwar kwalba. Duk shekara in tukunya ta nuna, ba a ɗura ko ɗigo sai an ɗauko uwa an ɗanɗana, an kurkure baki, sannan a ɗanɗana sabuwa. In sun dace, sai ta juye sauran uwar a cikin tukunyar, ta juya da muciya, kwalbar farko da aka cika ta zama sabuwar uwa. Haka take yi tun daga waccan kwalbar guzurin. Takan ce, "Duk wanda ya sha tawa, ya sha hannun uwata, ko da ɗigo ne."

Ni a nan Jidda aka haife ni, na shigo gidanta Hausata a karye, rabin maganata Larabci. 'Yar Jidda take kirana, in na kwafsa a magana ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta gyara mini. Shekarar farko da ta bar ni kan tukunya, na faki idonta na ƙara sukari, don a ganina tata ta cika tsami. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo mini cokali daga uwa, ta miƙo wani daga tukunya, ta zuba mini ido har kunya ta sa na sunkuyar da kai. Ta ce, "'Yar Jidda, harshe maƙaryaci ne, kullum ƙarin sukari yake roƙo. Shi ya sa ba shi muke tambaya ba." Tukunyar nan kaf ta rabar da ita sadaka, ta ce a gaya wa kowa ba ta sayarwa ba ce, muka sake jiƙa wata tsamiyar.

Tsantseninta bai tsaya kan tukunya ba. Kwalabe a lokacin wuya gare su, masu tsinta kan kawo waɗanda ake yarwa daga jiragen ruwa. Ɗaya bayan ɗaya take shinshina su. Wadda duk ta taɓa ɗaukar giya, ko an wanke ta sau nawa, sai ta ture gefe ta ce, "Wannan ba za ta je bakin mai azumi ba." Wani Balarabe mai shago ya taɓa zuwa har gida, ya ce ta riƙa tsinka ta da ruwa ya saye duka, ai alhazai baƙi ne, ba za su gane ba. Ta bar shi ya gama, ta sa na dama masa ya sha, sannan ta ce, "Wanda ya wuni da ƙishirwa ba a yaudararsa. Halas, shi ke nan, ka gai da gida." Ta kuma san gidajen da iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu, maza na tsoron fita neman abinci. Irin waɗannan gidajen da kanta take kai musu, kwalba ɓoye cikin mayafi, ta ce wai wucewa take yi ta leƙo.

Yanzu ga laifina. Shekara uku da 'yan watanni da suka wuce, lokacin aikin Hajji, ciwon suga ya kwantar da Inna asibiti kusan wata guda. Sharbar shekarar ta ƙare tun bayan ƙaramar salla. Ana haka dangin mahaifina da suka zo aikin Hajji daga ƙasar Hausa suka sauka gidanmu, mutum bakwai, da azahar, rana kamar ta fasa kai. Suna zama ɗaya daga cikin gwaggwannina ta ce, "To, yau dai za mu sha sharbar nan da labarinta ya kai mana har gida." Wallahi kunya ce ta rufe ni. A ce surukar Hajiya Mai Sharba ta tari baƙi da ruwa zalla? Na shiga ɗakinta, na jawo akwatin, na ce a raina cokali uku kawai zan ɗiba. Kashegari suka sake tambaya. Na riga na fara, da wane baki zan ce babu? Kwana biyar suka yi. Ranar da suka wuce Makka na ɗaga kwalbar a hasken taga, ko abin lasa babu.

Da ina da hankali, da na je asibiti na durƙusa na faɗa mata. Maimakon haka sai na ɗora ƙaramar tukunya, na dafa iya abin da harshena ya tuna, na ɗura, na toshe da kaki, na mayar da jan ƙyallen. Na yi ta faɗa wa kaina cewa da ta ɗanɗana za ta gane, ta yi faɗanta, magana ta ƙare. Allah bai nufa haka ba. Ta dawo gida likita ya hana ta duk wani abu mai zaƙi, magunguna kuma sun dakusar mata da baki, har tuwo cewa take kamar auduga. Da Sha'aban ya zo ta ɗauko kwalbar da hannunta, ta shafa ta, ta miƙo mini, ta ce, "Daga yau harshenki ne harshena. Ɗanɗana uwa, ki ɗanɗana 'ya, ki gaya mini gaskiya." Na ɗanɗana tawa, na ɗanɗana tawa, na ce, "Sun dace, Inna." Ta ce alhamdu lillahi, ta juye kwalbar a tukunya tana yi wa mahaifiyarta addu'a.

Sau uku na yi mata wannan ƙaryar, shekara uku a jere, kowace shekara maganar na ƙara nauyi. Ba faɗanta nake tsoro ba, Inna ba mai faɗa ba ce. Fuskarta nake tsoro, in ta ji cewa abin da ta tsallako teku da shi ya ƙare a hannuna saboda baƙi. Ranar da za ta tafi Madina na raka ta bakin mota da niyyar in faɗa. Na ce, "Inna, akwai magana." Direba na ta faɗin yalla, yalla, a hanzarta. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ajiye mini ita in dawo. Ke dai ki fara ɓare tsamiya." Na ji sanyi a raina da aka ɗage mini, kuma wannan sanyin da na ji yana cikin abubuwan da suka fi cin raina yanzu.

Kwana uku muna karɓar gaisuwa. Mata suna shigowa suna kama hannuna, kowacce da kalmarta ɗaya: "Alhamdu lillahi da ta bar ki, hannun Hajiya bai mutu ba." Kowace irin wannan magana sai in ji kamar an ɗora mini dutse. A rana ta uku bayan la'asar, da mutane suka ragu, na ja Yaya Rakiya, wadda ta zo daga Madina karɓar gaisuwa, ɗakin Inna, na kira Abu Hamza, na jawo akwatin, na faɗa musu komai ban rage ba. Abu Hamza ya tashi ya fita. Yaya Rakiya ta ɗauki kwalbar ta duba. Can ta ce, "Kin san kwana biyu kafin ta rasu, tana gaya wa maƙwabtana cewa ba ta taɓa kama ki da ƙarya ba?" Na ce ban sani ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar da labarin ya zo.

Da na lafa sai ta ce, "Akwai kwalba ɗaya a gidana, ta shekara huɗu da suka wuce. Ta ba ni lokacin da na tare a Madina, na kasa buɗewa, in na yi kewar gida sai in ɗauko in duba. Da ta gan ta har faɗa ta yi mini, wai sharba ta sha ce ba ta kallo ba. Zan aiko miki." Na kama ƙafarta na ce ta yafe mini. Ta janye ƙafar a hankali, ba da fushi ba, ta ce, "Kwalba zan iya ba ki, ƙanwata. Yafiyar ba tawa ba ce."

Jiya direba ya kawo ta, naɗe cikin tsohon zane. Ta yi duhu, kakin ya bushe, sai da wuƙa na buɗe. Na ɗibi cokali ɗaya na sa a baki, na kurkure, na ɗibi tawa. Ba su dace ba. Ko kusa. Tawa zaƙi ya yi mata yawa, cittar ta ja baya, tsamin nan da ke tsaya wa mutum a ƙarshen harshe ya ɓace ban san ranar da ya ɓace ba. Shekara uku ina ɗura wa mutane wannan da sunanta, tana zaune a gefena tana gode wa Allah. Don haka ku da kuka sha ta gidanmu a shekarun nan, ku sani tawa kuka sha, kada ku ɗora mata. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗora tukunya, zan kuma yi ta sakewa har sai ta dace, ko da azumi zai shigo ban ɗura ko ɗaya ba. Wannan kam yana hannuna. Abin da ba ya hannuna shi ne in durƙusa a gabanta in ce, Inna, ba su dace ba.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka da ka karɓa a birnin Manzonka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka shayar da ita daga tafkin Alkausara kamar yadda ta shayar da masu azumi ba ha'inci. Ka gafarta mata, da iyayenta da ke kwance a Sudan, da mijinta da ya riga ta. Ka ba Abu Hamza da Yaya Rakiya da jikokinta haƙurin rashinta, ka haɗa kawunansu a bayanta. Ni kuma, ya Ubangiji, ka gafarta mini, ka sanya a zuciyarta ta yafe mini ranar da za mu tsaya a gabanka. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi mata addu'a, in da saura ya sa ni a ciki. Amin.