Man Kaɗe a Jikin Kabad

Jiya na wuce shagon kafinta a Sauka Kahuta, ƙarar samfefa a jikin katako ta tsayar da ni cak, sai ga Babanmu a raina.

Mai fenti ne, a Tudun Fulani muke. Farin katako mai araha yake mayarwa kamar madaci, da tsohon silifas da ya yanka wa haƙora yana jan jijiyoyin itace a kan ɗanyen fenti. Amma kafin nan akwai wahala. Sai ya toshe ramukan ƙusa da foti, ya goge da samfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi, ya share ƙurar tas. Ko yatsa ba ya bari mu ɗora.

Wata damina, maƙwabciyarmu 'yar garin Beji ta kawo kabad ɗin auren 'yarta, za a ɗaura a coci ranar Asabar. Kwana uku Baba yana guga. Ran Laraba ya tafi kasuwa sayen fenti. Kakarmu, mahaifiyarsa, ta fito ta ga katako fari fat, ta ce, "Wayyo, zai tsage!" Ta ɗauko man kaɗe ta mulke shi lungu-lungu, yadda take yi wa turminta. Da ciwon gwiwarta fa, a durƙushe!

To ka san fenti ba ya zama a kan maiƙo. Baba ya ja buroshi sau ɗaya, fentin ya dunƙule kamar ruwa a ganyen gwaza. Ya shinshina. Wallahi na tausaya masa. Na buɗe baki zan tona, ya harare ni.

"Inna, ke kika yi mini wannan aiki?"

"Ni ce. Ya yi kyau?"

"Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara girma."

Ya ja kabad ɗin bayan ɗaki inda ba za ta gani ba, ya wanke da kananzir, ya sake guga tun daga farko har yatsunsa suka yi jini. Sannan ya yi fentin, da ƙyar ya bushe safiyar Asabar.

Mata suka yi ta shafa kabad ɗin, wai madaci ne. Kaka tana ta gaya musu man kaɗenta ne ya fito da ƙyallin.

Yanzu leda mai zanen katako ake mannawa, ba guga ba jira. Ni kuwa mahaifiyata ta tsufa a hannuna, takan tsinke mini alayyafo wai ciyawa ce. Raina yakan ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Sai in haɗiye, in ce mata sannu da aiki.