Babur Ɗin Kawu da Mataki na Biyar

Mun tashi da asuba daga unguwar Alsahafa, ni da kawuna, a kan wani tsohon babur da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ni ke tuƙi, shi yana baya, kuma tun daga ƙofar gida na san ransa bai so wannan tsari ba. Kwanana shida ke nan a Khartum. Daga Kano na zo gaishe da dangin mahaifiyata, zuriyar kakanmu da ya yada zango a gonakin audugar Jazira a hanyarsa ta Makka, zangon ya zama gida.

Bari in gaya muku abin da ya fito da mu. Kawu ya haura saba'in, bayansa ya ɗan ranƙwafa, gwiwar hagu ta fara yi masa gardama. In ya tsaya da babur, kan yatsunsa kawai ke taɓa ƙasa. Sau biyu ya faɗi a wata guda, na biyun a ƙofar masallaci, babur a kan ƙafarsa. Sai babbar 'yarsa, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarta, ta ƙwace makulli ta ƙulle a bakin mayafinta. Sharaɗinta ɗaya ne. In tafin ƙafarsa biyu suka zauna daram a ƙasa yana kan sirdi, za ta mayar masa. In ba haka ba, ranar Asabar dillali zai zo a sayar da babur. To wannan babur shi ke kai Kawu majalisar abokansa a unguwar Umbadda, shi ke kai shi maƙabarta duk Juma'a. Ni ta ara wa makullin, na yini ɗaya tak, don mu kai babur a rage masa tsayi.

Khartum da sassafe tana da daɗin tuƙi, kafin rana ta tuna da ku. Motocin haya na cika, masu raksha, wato keke mai ƙafa uku, suna kutsawa ko'ina kamar kaji a tsakar gida. Kawu kuwa bai bar kunnena ya huta ba: "Birraha, ya waladi, a hankali." A kan gadar Umdurman ya taɓa kafaɗata in duba dama, inda kogunan Nilu biyu ke haɗuwa, ɗaya ya fi ɗaya duhu. Na saci kallo sau ɗaya na mayar da ido kan titi, don ban zo Sudan in jefa kawuna a ruwa ba.

A bakin Kasuwar Umdurman muka zauna wajen wata mai shayi, ta kawo mana shi da madara da zalabiya, wato irin fankensu, mai zafi an barbaɗa sukari. Da na tashi biya sai ta ce ai mutumin da ke gefenmu ya biya kafin ya tafi. Ban san shi ba, ko fuskarsa ban riƙe ba. Allah ya saka masa da alheri.

Layin masu ƙarfe yana can ciki, bayan masu yaji da masu yadi. Nan muka sami mai waldan da Kawu ya sani, dattijo baƙi siriri, wanda kakanninsa suka zo daga Sakkwato. Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci, amma tana da zaƙi. Ni da rawar kai na riga kowa buɗe baki, na ce a yanke sifirin ɗin shokozoba na baya a huta. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in an yanke, ramin farko taya za ta daki madigadi, Alhaji ya tsinci kansa a ƙasa. Na ja da baya na ba shi wuri.

Ya tsuguna ya kankare dattin gindin shokozoban, sai ga wani zobe mai hawa biyar kamar matakala. Da shi ake ƙara wa sifirin tauri idan za a ɗauki nauyi, kuma in ya yi tauri babur ba ya lotsawa sosai.

"Ya Hajj, wa ya ɗora maka wannan a na biyar?" in ji shi. "Wannan ai na mai ɗaukar buhu ne. In sauke shi zuwa na ɗaya, khalas, shi ke nan ka taka ƙasa."

Na ji daɗi har na fara hamdala. Amma da ya ɗauko sufana, sai Kawu ya ɗora hannu a kanta.

"Ni na ɗora shi, Usta. Hajiya mace ce mai jiki. Shekara talatin tana bayana." Ya dubi zoben. "Ka taɓa ko'ina, amma ka bar mata matakinta."

Ashe ya sani tun tuni. Ya gwammace ya faɗi a gaban jama'a da ya juya zoben nan. Kunya ta kama ni, don duk hanya ina ta yi masa tsiya a kan gajarta, shi kuwa yana zaune a wurin da matarsa ke zama.

Mai walda bai ce masa ka yi haƙuri ba, bai yi masa wa'azi ba. Ya ajiye sufana, ya aika a kawo gahawa, ya ɗauko zare ya auna daga sirdi zuwa ƙasa, ya auna ƙafar Kawu. Sannan ya yanko ƙarafa biyu masu kauri ya huda su, ya liƙa su da walda a jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, yatsa uku bayan inda shokozoba ke ɗaure. Da ya mayar da shokozoban kan sababbin ƙarafan, sai suka ɗan kwanta, bayan babur ya sauka. Ya sa ni da shi muka hau muna dannawa, Kawu ya zura hannu tsakanin taya da madigadi ya tabbatar akwai sarari. Ya rage tsawon ƙafar jingine babur, don da an bar ta yadda take, iska ma za ta iya kayar da shi. Da aka gwada, saura kaɗan dugadugan Kawu su taɓa ƙasa. Wani baduku a maƙwabta ya buɗe sirdin ya sassaƙe soso ya ɗinke. A tsakani aka kawo kwanon ful, wake ne dafaffe da man riɗi, muka haɗa hannu mu huɗu.

A hanyar komawa na ce Kawu ya karɓi tuƙi. Ya ƙi, ya ce ni aka ba makulli. Haka na tuƙo cikin zafin azahar, gwiwoyina sun kusa kai ƙirji.

Mun iso Alsahafa gab da la'asar, 'yarsa na tsaye a ƙofa. Kawu ya hau ya miƙe babur. Ta yago takarda daga littafi ta tsuguna tana ƙoƙarin zura ta ƙarƙashin dugadugansa, hagu da dama, takarda ta ƙi shiga. Tana tsugunen idonta ya kai kan zoben nan da aka kankare, yana nan a na biyar. Ta daɗe tana kallonsa.

Na ga kasuwa, na ga Nilu, na ci abin da ban biya ba, kuma na gode wa Allah a kan duka. Amma abin da na taho da shi daga hannun mai waldan nan ne. Ni da na ga hanya mai sauƙi sai na yi tsalle, shi kuwa ya yarda ya yi aikin rabin yini don kada ya taɓa abin da ke zuciyar mutum.

'Yar Kawu ta karɓi makulli daga hannuna ta miƙa wa mahaifinta. Sai ta gyara mayafi ta zauna a bayansa ta gefe ɗaya. Jikin mahaifiyarta ta ɗauko sak.

"Yaba, sukari ya ƙare," ta ce, haka suke kiran uba a can. "Kai ni kanti."

Kantin bai fi taku ɗari daga gida ba. Sai da aka kira magariba suka dawo.