Goggo Hansai da Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Goggo Hansai, yayar mahaifina, ungozomar unguwarmu a Kausani. Duk shekara in watan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai aikin makaranta ya sha kaina. Bana dai na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na rubuta, domin na kusa ajiye alli, kuma ba don ita ba da ban taɓa riƙe shi ba.

Lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan, muna yara. Rufin kwano ya fara ƙyalli a Wudil, samari suna tafiya Kano leburanci suna dawowa da rediyo, gwamnati kuma ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Sai dai fa babu mai takardar haihuwa a cikinmu, duk a ɗaki aka haife mu. Don haka malamai suka zo da dabara: yaro ya ɗora hannun dama ta tsakiyar kansa ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓa, ya kai shekara shida, a rubuta sunansa. In bai taɓa ba, sai baɗi.

Ni kuwa Allah ya yi ni 'yar firit. Ƙyanda ta kama ni bayan yaye, ta bar ni da ƙaton kai da guntun hannu. Shekarar farko Larai, 'yar maƙwabtanmu, ta taɓo kunnenta har tana jan sa don fariya, ni kuwa yatsuna suka tsaya a hanya. Shekara ta biyu saura ƙiris, amma aka sake cewa sai baɗi. Ranar na yi kukan da ban taɓa yi ba. Baba ya ce sau biyu ke nan yana jin kunya a gaban jama'a, in aka mayar da ni karo na uku, to magana ta ƙare, in ɗauki farantin gyaɗa in bi yayyena talla. Ba mugunta ba ce, gajiya ya yi.

Innata sai ta ƙulla tata dabarar. Kullum da safe bayan na sha kunu, ta ɗaga ni in kama reshen tsamiyar tsakar gida in yi ta reto, in na sauko ta shafe min hannu da man shanu tana ja. Kada ku yi mata dariya, iyakar abin da ta sani ke nan, kuma don ƙauna ta yi. Ina saƙale a reshen nan wata safiya Goggo ta yi sallama.

"Ke Hauwa, me zan gani haka? Shanya kike yi da 'yar mutane?"

"Yaya, so nake hannun ya miƙe kafin ranar rubuta suna."

"Sauke ta maza. Wa ya ce miki a hannu shekaru suke?"

Goggo ba ta shiga sabgar boko, shi ya sa sai ranar ta ji labarin gaba ɗaya. Ranar rubuta suna ta yafa mayafi, ta kama hannuna, ta biya aji uku ta sa aka fito mata da Larai, ta tasa mu gaba har gindin bishiyar da hedimasta ya kafa teburinsa. Saurayi ne ɗan cikin Wudil, ga sabon babur a jingine a bayansa. Baba yana can ƙarshen taro riƙe da kekensa, ya ƙi matsowa.

Sai da ta gaishe shi tsaf, ta tambayi aiki da gajiya da mutan gida, sannan ta ce, "Malam, wannan Talatu ce, wannan Larai. Ni na yanke cibiyar wannan ran Talata, na yanke ta wannan washegari Laraba, da kaka ana sussukar gero. Yaya aka yi ɗaya take aji uku, ɗaya ba ta isa shiga ba?"

"Inna, ƙa'ida ce, ba ni na kafa ta ba."

Ta kama haɓata ta ce in buɗe baki. "Duba nan. Ta gama famfara, na girma ne suka fito. Ka taɓa ganin 'yar shekara biyar da irin waɗannan haƙora?"

Ya duba. Can ya ce shi ma ya ga gaskiya, amma in ya ɗauki ɗaya da maganar baki, kowa a layin nan zai kawo tasa maganar. Goggo ta waiga ta dubi layin. Rabinsu a hannunta suka faɗo duniya. Ta ce ya kira su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kai za ta ce ya kai, wanda bai kai ba za ta faɗa ko nata ne. Ta kuwa nuna jikanta Sani, dogon yaro da ya riga ya taɓa kunne aka rubuta shi, ta ce, "Fara da wancan. Tsawo ne kawai, bai cika biyar ba. Goge shi."

Sai aka kwashe da dariya. Hedimasta ya soke sunan Sani, ya rubuta nawa, ya sa aka shimfiɗa wa Goggo tabarma kusa da tebur. Daga shekarar nan har ƙafa ta gagare ta, ba a rubuta suna a makarantarmu sai tana zaune. Surukarta, uwar Sani, ta yi sati ba ta gaishe ta da sakin fuska ba, Goggo ko a jikinta.

Ba a nan ta tsaya da ni ba. Ta ce wa Innata ƙanƙantar nan ba halitta ba ce kaɗai, ciwo ne ya cinye ni. Ta sa a riƙa dama min kunun gyaɗa, a marmasa ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ta kuma kai ni wajen malaman asibiti a Wudil suka ba ni maganin tsutsar ciki. Abin da take yawan gaya wa masu jego shi ne su san 'ya'yansu da kansu: yadda yaro yake ci, yadda yake barci, ranar da ya daina wasa. In abu ya fi ƙarfin gida a kai shi gun masu sani, ba a zauna ana jira ba.

Yau nakan tambayi kaina me za ta ce da ta leƙo. Na tabbata za ta ji daɗin katin awo da na rigakafi, da takardar haihuwa da ta raba yara da taɓa kunne. Amma ina jin za ta riƙe baki in ta ga ɗan shekara biyu da jaka a baya ana jan sa makaranta yana gyangyaɗi. A ofishina na makaranta ina ganin iyayen da za su zaro takarda su faɗa min ranar haihuwar ɗansu daidai, amma in na ce tun yaushe yake matse ido in yana kallon allo, sai su kalli juna. Ba na zarginsu, neman abinci ya yi zafi. Nakan ce dai su zauna da shi ko na ɗan lokaci bayan la'asar, su zo su ga malaminsa ba sai an kira su ba, su kai shi a duba idon. Duk daga bakin Goggo na kwaso.

A ciwonta na ƙarshe na je duba ta, lokacin ina da 'ya'ya huɗu, ina koyar da aji shida. Ta ƙura min ido daga kan gado ta ce, "Talatu, ɗora hannu mu gani." Na ɗora, na kamo kunnen. Ta yi murmushi ta ce, "To, bana kam za su ɗauke ki." Na yi dariya, na fita tsakar gida na fashe da kuka.

Ba ta bar gona ba, ba ta bar ko hoto ɗaya ba. Amma duk takardar da nake da ita, daga ta firamare har wadda zan karɓi fansho da ita, shekarun da ke ciki daga bakinta suka fito, haka ma na tsararrakina da dama a Kausani. Ranar da ta rasu wani mai ta'aziyya ya tambaya shekararta nawa. Muna nan zaune cike da zaure da tsakar gida, mu da ta san ranar zuwan kowannenmu duniya, aka rasa mutum ɗaya da zai ba shi amsa. Allah ya jiƙan Goggo Hansai, ya sa ta huta.