Tafin Hannun Jibo Mai Igiya

Kafin fari ya cinye kabar gulbi, duk rijiyar da ke tsakanin Cake da Mayahi ta san igiyar Jibo. Yakan zauna gindin gawo, tarin kaba jiƙaƙƙiya a gefensa, yana murzawa yana ba masu jira labari har su manta da abin da ya kawo su. Matarsa Habsatu takan ce ba ta taɓa ganinsa da hannu sake ba sai wajen salla.

Shekarar fari na biyu, zamanin soja, Habsatu ce ta fara lura. Ta zo zuba masa ruwan wanke hannu, sai ta ga tafinsa ya yi kauri, ya yi gurzi-gurzi mai laushi kamar cikin tumbin akuya.

"Maigida, wannan fa?"

"Kanta ce," in ji shi, yana dariya. "Tun ina yaro nake murza kaba."

Amma ita ta san kantar hannu, tauri gare ta. Ta shafa masa man shanu, ta ƙunsa masa lalle, a banza. Yana ta ramewa kuma, sai dai wa bai rame ba a shekarar nan? Kowa jar dawar taimako yake ci, wadda motocin soja ke saukewa. In ya ture ƙwaryar tuwo, sai ta ɗauka don yara yake ragewa.

Da ya fara amai, suka hau motar kasuwa zuwa asibitin Maradi. Likitan ya daɗe yana juya hannayen kafin ya danna masa ciki.

"Baba, ciwon ba a hannu yake ba. Ciwon daji ne a cikinka, hannun sanarwa kawai yake yi. Ya riga ya yi nisa."

Jibo ya dubi Habsatu. "To, mu koma gida. An kusa shuka."

Daminar da ta biyo baya ta yi kyau. Ba ya iya tsayawa, sai ƙannensa suka riƙa kai shi bakin gona a kan amalanke, yana kallon hatsi na fitar da kai, yana faɗa wa masu noma inda suka bar ciyawa. Ranar da aka fara gasa tumu, Habsatu ta murje masa kaɗan. Ya shaƙi ƙamshin, ya ce ya ƙoshi, a ba yara. Ana cikin ɗaurin dammuna Allah ya yi masa rasuwa, mutane suka baro gonaki suka zo rakiya.